Ƙofar da Ba Ta Jiran Kowa

Ƙofar ba ta yi wata ƙara ba. Ƙyas! kawai ta ce, ta bar Amarya tsaye a barandar bene riƙe da ledar kunzugun jariri, ƙafa ɗaya da silifas, ɗaya babu.

Ta murɗa hannun ƙofar. Ya ƙi. Ta sa kafaɗa, ƙofar ko gezau.

Inda ta fito, ƙofa sai an rufe ta take rufuwa, wata ma sai an haɗa mata da gwiwa. Ta nan ba ta jiran kowa. Mijinta ya faɗa mata ranar da ta sauka a wannan ƙasar ta waje, amma ya cusa maganar tsakanin yadda ake kunna abin ɗumama ɗaki da wace shara ke shiga wace leda, ita kuwa a lokacin cikin ya tsufa, barci take ji. Tun da ta haihu ba ta taɓa fita ita kaɗai ba. Yau warin ledar ne ya ishe ta, ta ce bari ta ajiye ta a waje.

Makulli yana ciki, kan firji, kusa da wayarta. Jaririnta Ɗan Tsako, wanda ko juyi bai iya ba tukuna, yana kan gado. A kan murhu akwai tukunyar da take tafasa kwalaben madara. Ta kashe? Ta tuna hannunta yana kashewa. Sai dai ba ta san ko hannun yau ta tuna ko na jiya ba.

Mijin yana wurin lodin kaya, inda ake kulle wayoyin ma'aikata a akwati sai an tashi.

Daga ciki Ɗan Tsako ya tsala kuka.

Ta sauka bene da gudu zuwa ɗakin Anti Mun-Riga-Ku. Ita Antin ta daɗe a ƙasar, har Hausa ma ta hanci take yin ta, kamar aro aka ba ta. Tana sa tabarau marar magani. Ita ce ranar da ta zo ganin jariri ta ɗaga shi da yatsu kamar ɗanyen kifi, ta ce, "Nan ba gida ba ne, ƙanwata. Ki bar yaro shi kaɗai ko na ƙiftawar ido, hukuma ta ɗauke shi ta ba wasu. Sai dai ki riƙa ganinsa a hoto."

Anti ta buɗe kaɗan, sarƙa na maƙale.

"Anti, ƙofa ta rufe! Yaron yana ciki!"

"Shi kaɗai?" Ta leƙa dama da hagu. "Rage murya. Wa ya gan ki?"

"Ba kowa. Anti, ki kira mini wani ya buɗe."

"In kira wa? Kin san me kike faɗi kuwa? Duk wanda na kira, a bayansa hukuma take. Ni fa an san ni a ginin nan. Ki jira maigidanki, kuka ba ya kisa."

"Akwai tukunya a wuta."

"Kin kashe?"

"Ina jin na kashe."

"To, kin kashe. Ku 'yan zuwa yanzu komai sai kun mai da shi tashin hankali. Ki tsaya can kamar iska kike sha."

Amarya ta koma sama. Ta tsaya kamar iska take sha, a barandar da ko taga babu. Ta durƙusa ta sa baki a ƙasan ƙofa. "Ga ni, Babana. Ga ni nan, yi shiru." Nono ya zubo ya jiƙa mata riga. Kukan ya hau, ya shaƙe, ya sake hawa.

Sannan ya yi shiru ɗin.

Ta manna kunne. Ba komai. Sai wani wari siriri da ke fitowa ta ƙasan ƙofar, irin na roba.

Ƙofar da ke kallon tasu ta wata tsohuwa ce mai kare. Kullum suka haɗu sai tsohuwar ta ƙura wa jaririn ido, kuma Anti ta ce irin waɗannan ne ke kai rahoto. Amarya ta dubi ƙofar tsohuwar, ta dubi tata. In ta buga, za su zo su tafi da shi. In ba ta buga ba fa? Ta ga hoton a ranta, yaro a hannun wata, ya yi ƙiba, bai san ta ba. Yana numfashi dai.

Ta buga da hannu biyu.

Kare ya yi haushi, tsohuwar ta buɗe. Duk yaren ƙasar abin da Amarya ta iya bai wuce gaisuwa da godiya da ban haƙuri ba. Ta zubar da su gaba ɗaya, sannan ta yi jijjiga da hannu wofi, ta nuna ƙofa, ta toshe hanci. Tsohuwar ta shaƙi iska sau ɗaya, ta ɗauko waya.

Shi ke nan, in ji zuciyar Amarya. Da hannunki.

'Yan kwana-kwana suka hawo da manyan takalma. Ɗaya ya zura wani ƙarfe a gefen ƙofar, ta buɗe masa ba musu, munafuka. Hayaƙi ya fito. Amarya ta zabura, wani ya tare ta da hannu. Ta hango tukunyar ta ƙafe, kwalaben sun narke sun manne a gindinta. Ashe hannun jiya ne.

Babbansu ya shige ɗakin barci. Aka buɗe tagogi. Ba wanda ya ce komai da za ta gane.

Sai ga shi ya fito da Ɗan Tsako kwance a damtsensa, ƙafafun na lilo. Yaron ya yamutsa fuska, ya yi atishawa, ya dubi hular mutumin, ya fasa ihun da ya fi na ɗazu.

Yana raye. Saura ɗayar fargabar: kar su tafi da shi.

Mutumin ya nufo ƙofa. Bayanta matakala ce, ƙasan matakala mota ce. Amarya ta tsaya a tsakiyar ƙofar, ta dafa katako hagu da dama. In zai wuce, ta kanta zai bi.

Ya tsaya. Ya dubi hannayenta, ya jira. Ta daɗe kafin ta gane cewa miƙo mata yake yi, ita ce ta ƙi sakin ƙofar ta karɓa.

Ta karɓa. Ɗayansu ya duba idon yaron da ƙirjinsa, a hannunta. Babban ya yi magana mai tsawo yana nuna murhu, yana nuna ƙofa. Anti Mun-Riga-Ku, wadda ta ɓullo a matakala yanzu da aka gama, ta gyara tabarau ta saurara da kyau.

"Me ya ce, Anti?"

"Ya ce... ki kiyaye."

"Duk wannan?"

"Yarensu haka yake." Da 'yan kwana-kwanan suka sauka ta ƙara da raɗa, "Za su dawo fa. Ba yau ba."

Wataƙila. Amarya ba ta da yadda za ta sani. Ta matse yaron har ya yi ƙorafi.

Tsohuwar ta taɓa mata kafaɗa. Ta zura hannu cikin wuyan rigarta ta jawo wani zare da ya sha dauɗa, makulli na reto a jiki. Ta nuna ƙofarta, ta yi wa ƙofar wata daƙuwa irin tasu, ta mayar da makullin.

Amarya ta shiga ta ɗauko nata daga kan firji. Zare babu, sai ta zare igiyar hular Ɗan Tsako ta ɗaura. Ledar kunzugun tana nan a baranda inda ta yar da ita. Ta fita ɗaukowa, makulli a wuya, yaro a kafaɗa, ƙafa ɗaya a cikin ƙofar.