Jan Layi a Kan Sunan Raihana

"Kwamfuta ce ta haifi yaron, da za ta hana mu tafiya da shi?" Inna Turai ta tambaya, tana ɗaure kwanuka a zani.

Sista Zulaihat ta yi dariya. "Inna, ko ni ba na tsallake ta. Duk wadda aka yi wa tiyatar haihuwa, akwai matakan da sai ta cika kafin sallama." Ta juyo da fuskar na'urar. "Surukarki Raihana ta tashi ta taka, ta ci abinci, ɗinki ya yi kyau, duk ga su kore. Wannan jan kuwa na shan nono ne. Babu nas ɗin da ta ga jikanki ya kama, kuma nauyinsa raguwa yake."

"A rugarmu, can bayan Riruwai, madarar shanu ba ta yankewa."

"Cikinsa bai isa ɗaukarta ba, Inna."

Jaririn ya tsala wani siririn kuka mai tsinka zuciya. Zulaihat ta dubi gadon. Raihana ta juya fuska ga bango kamar kukan daga wata unguwa yake, amma yatsunta sun damƙe zanin gado, gaban rigarta kuma ya jiƙe sharkaf. Nono na nan. Uwar ce ta kasa miƙa hannu.

Zulaihat ta sunkuya kusa da kunnen Raihana. "Ƙanwata, ɗan fari ne?"

Raihana ta gyaɗa kai, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Ina ita ina rungumar ɗan fari a gaban uwar mijinta? Ga Inna kuwa, tsabar ƙauna ta hana ta matsawa daga bakin gadon tun da aka fito da su. Ko salla a nan take yi.

Tsohuwa ta bi idon Zulaihat, ta ga rigar.

"Ni ma bango na kalla a kan ubansa," ta ce a hankali. "Amma ni an bar min ɗaki."

Ta ajiye ƙullin kwanukan, ta ɗauki jaririn ta kwantar a jikin Raihana ba tare da ta dubi fuskarta ba, ta naɗe tabarmarta. Daga bakin ƙofa ta ɗaga murya, duk masu jego na ji:

"Sista, ja musu labule. Ni na koma gindin mangwaro, kuma babu inda za mu sai abin nan naki ya yi kore."