Lubin ɗin da Farfela ta Ƙwace

Nevenka ba ta sayen kifin ƙarya na fatsa a kanti. Da hannunta take sassaƙa nata da katako, ta dasa masa ɗan harshe a haɓa don kada ya nitse fiye da kamu ɗaya, ta rataya masa ƙugiyoyi. Mashigin tekun da ke bayan ƙauyensu bai wuce ƙugu ba, ƙasansa duk ciyawa da duwatsu, abin da ya yi zurfi sai ya maƙale.

Mako uku tana farautar wani ƙaton kifi da ake kira lubin a wurin. Ranar Talata da sassafe ta shiga ruwan har gwiwa, ta wurga, ta fizgi sandar fatsa sau biyu, ta dakata. Kifin katakon ya karkata kamar mai rauni. Kafin ta sake fizga, ruwa ya tarwatse, sandar ta lanƙwashe.

Tana cikin fama da shi ta ji rugugin inji. Ƙanenta Frane ne ya kwaso baƙi a jirginsa zai kai su tsibiri, ya ratso ta mashigin don rage hanya. Ta ɗaga hannu tana kiran sunansa. Shi ma ya ɗaga mata yana washe baki. Farfela ta datse zaren, igiyar ruwa ta jiƙa ta har wuya.

Ba ta ko sauya kaya ba. A tashar jiragen ruwa ta zauna, gishiri ya bushe a jikinta, har ya dawo da rana tsaka.

"Yaya, wanka kika yi da riga?"

"Makaho ne kai, Frane?"

"Na zaci gaishe ni kike yi."

"Gaishe ka? Da sanda a lanƙwashe? Sau nawa na ce maka ba a gudu da inji a mashigin nan?"

Ya ɗaga kafaɗa yana ɗaure igiya. "To, kifi ne ai. Teku cike yake da su. Gobe in kawo miki kifin ƙarya irin na kanti, mai ƙara a ciki."

Nan ranta ya ƙarasa ɓaci. "Ya tafi da ƙugiya shida a baki. Ba zai iya cin komai ba, zai je ya mutu a ƙarƙashin dutse, ni ban ci ba, kowa bai ci ba. Kuma da 'yar maƙwabcinmu Lovro ce take iyo a wurin fa? Ita ma ta kanti za ka kawo masa?"

Tsofaffin da ke gyaran raga suka sunkuyar da kai. Frane ya ce ƙasa-ƙasa, "Kada ki tozarta ni gaban mutane."

Nevenka ta juya. Ta haura ofishin masu kula da gaɓa, ta faɗi sunan jirgin da lokacin da ya ratsa. Ma'aikacin ya dube ta.

"Ba ƙanenki ba ne?"

"Rubuta."

Aka hana Frane fita da baƙi kwana goma, ana tsakiyar lokacin zuwan baƙi. Matarsa ta daina amsa gaisuwar Nevenka.

Ranar Lahadi mahaifiyarsu ta kira su cin abinci kamar kullum. Ta ajiye tukunyar kabeji da naman rago, ta ce mai neman faɗa ya fita tsakar gida. Frane ya jira a ba shi haƙuri. Nevenka ta cinye nata, ta ƙara, ta wanke kwanonta kaɗai, ta sumbaci tsohuwar a goshi ta fita.