Shuɗi a Tankin Masai

Tun farkon sati matarsa take yi masa mitar masan banɗakinsu. Ta ce in an ja ruwa tankin yakan cika, amma maimakon ya yi shiru sai ya ci gaba da wani siririn kuka, kamar mai gulma a bayan ƙofa. Tana kicin tana jinsa, tana shanya tana jinsa, har ya fara sa mata ciwon kai.

Shi kuwa ba ya jin komai, kuma bai gaya wa kowa ba.

Ya daɗe yana aiki a wurin yankan katako, inda injin zarto ke ihu daga safe har yamma. Tun bara kunnensa na hagu ya mutu murus, na daman ma ya koma zaɓen abin da zai ji. Muryar maza da rugugin mota suna shiga, amma kukan tsuntsu da ƙarar cokali a kofi sun yi masa ƙaura. Muryar matarsa kuwa siririya ce. Rediyo yake kiranta tun kafin aurensu, don bakinta ba ya hutawa, kuma don muryar nan ya nace mata har ta yarda da shi. Yanzu rabin zancenta a leɓenta yake karantawa, sauran ya cike da "haka ne" da murmushi. Tsoronsa ɗaya ne: ranar da ta gane za ta fara tausayinsa, ta rage magana, ta koma yi masa nuni da hannu, gidan ya yi tsit. Ya gwammace ta ɗauke shi marar kula da ta ɗauke shi kurma.

Da mitar ta yi yawa, ya ɗaga murfin tankin wata yamma, ya lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da ƙwallon roba mai iyo a kan ruwa, ya fito yana karkaɗe hannu, ya sanar da ita an gama. Ta karkata kai wajen banɗakin, ta dube shi, ta sake karkata kai.

"Gwani, wannan ne gyaran?"

Ya ce ai ga shi ya yi shiru. Sai ta yi masa wani kallo da bai taɓa gani a idonta ba, ta ce da can ko tari ta yi a ɗaki sai ya leƙo, yanzu kuwa abu yana kuka a kunnen kowa ya ce mata shiru. Ta koma kicin. A ranar nan, Rediyo ba ta ba shi labarin maƙwabta ba, ba ta kwaikwayi maigidanta na ofis ba, abincin ma kamar ƙasa ya ji shi a baki.

Da hutun ƙarshen mako ya zo, ya yi sammako zuwa shagon kayan famfo. Ya tsaya a karkace, kunnen dama wajen mai shagon, kamar mai duba kaya a kanta. Mai shagon ya ce yawanci ba ƙwallon ba ne, robar nan ce da ke toshe ramin ƙasan tanki. In ta tsufa sai ruwa ya riƙa sulalewa, tanki ya yi ta cika kansa. Ya miƙo masa sabuwa da 'yar sarƙarta, ya ƙara da cewa aikin ba wuya, in ya gama ya kasa kunne kawai, in ya ji shiru to ya gyaru.

Ya yi godiya ya fito, maganar tana sukarsa har gida.

Ya rufe ruwa daga ɗan makunnin da ke jikin bango, ya ja ya zubar da na tankin, ya tsuguna. Tsohuwar robar ta yi laushi, ta bar masa baƙi a yatsu kamar gawayi. Ya sa sabuwar, ya maƙala sarƙar a jikin hannun ja, ya buɗe ruwa. Tankin ya cika. Ya tsura wa ruwan ido, ya riƙe numfashi, ya kara kunnen dama har sanyin tankin ya taɓa kuncinsa. Shiru. Amma shirun masan ne ko nasa? Ya daɗe a haka yana roƙon kunnen nan ya yi masa alfarma ko sau ɗaya.

Da ya juyo, sai ya gan ta tsaye a bakin ƙofa, dutsen guga a hannunta, idonta ya cika da ƙwalla. Bai san tun yaushe take nan ba.

Ta ajiye gugar, ta zagayo gabansa, ta yi magana a hankali tana kallon idonsa.

"Na ce na ƙona rigarka mai ruwan toka. Na faɗa, na sake faɗa. Ko kafaɗarka ba ta motsa ba."

Rigar da ya sa ranar da ya fara ganinta ce, wadda ba ya bari kowa ya taɓa. Ya buɗe baki zai ce hankalinsa ne ya tafi kan aiki, ƙaryar ta ƙi fitowa. Ya nuna kunnen hagu ya ce wannan ya tafi tun bara, ya nuna na dama ya ce wannan ma yana haɗa kaya.

Ta juya ta fita.

Ya zauna daɓas a kan tayil mai sanyi, zuciyarsa ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen katako. Shi ke nan, abin da yake gudu ya iso, shirun ya fara.

Sai ga ta ta dawo da 'yar kwalbar shuɗin wanki, bakinta yana tafiya tun daga zaure. Bai kama farkon ba, amma da ta tsuguna ta ɓangaren damansa ya kama sauran. Wai ashe ita tana can tana cin zuciyarta, tana tuhumar kanta ko ta gundure shi, har ta fara tunanin rage surutu don ta burge shi, ashe zarto ne ya yi mata sata. Wai mutum da girmansa ya ɓoye ciwo kamar wanda ya saci nama a tukunya. Tana faɗa tana share ido da bayan hannu, tana ɗiga shuɗin a cikin tankin.

"Tunda kunne ya yi yaji, ido zai yi aikin. In shuɗin ya leƙo ƙasa cikin kasko, to da saura."

Ta kama tafin hannunsa ta ɗora a kan bututun da ke kawo ruwa. Ya ji wata 'yar rawa tana bin fatarsa, ƙarama ƙwarai, kamar kyanwa na gurnani. Wannan ne kukan da ta yi sati tana gaya masa. Ba su daɗe ba sai ga wani siririn zare mai shuɗi yana gangarowa cikin farin kaskon masan.

Ya sake leƙa tankin, wannan karon ba da tsoro ba. Sarƙar ce ya ɗaure ta tam, tana ɗan ɗage robar, ga kuma farin dattin ruwa ya daskare a bakin ramin. Ya rufe ruwa, ya kankare bakin da soso, ya sassauta sarƙar. Ita kuwa tana riƙe masa fitilar waya tana ba shi duk labaran da ya rasa a satin, tana juyo fuskarsa da yatsa duk lokacin da ya sunkuya, don ya ga bakinta. A tsakiyar labarin ta sako cewa asibitin kunne za su je farkon sati, kuma ba shawara take nema ba. Ya ce to.

Suka ja ruwa har ya washe, ta sake ɗiga shuɗin. Suka zauna a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa, suna gadin masai kamar masu jiran jariri ya yi barci. Kaskon ya tsaya fari tas. Ya mai da tafinsa kan bututun: ba rawa, ba motsi.

Ya dube ta, yatsunta duk shuɗi, hancinta ya yi ja. Godiya ta cika masa ƙirji har ya rasa ta inda zai fara, sai kawai ya kama yatsun ya riƙe. Can ya ce ta yi dabara da ta gwada shi da zancen rigar, don ba abin da zai sa ya juyo kamarsa.

Rediyo ta sunkuyar da kai, abin da ba ta saba ba. Sannan ta matso daf da kunnensa na dama.

"Gwani, ba gwaji ba ne. Rigar ta ƙone da gaske. Don na ga ka ba ni baya ne na samu ƙarfin faɗa."

Ya ji kowace kalma, tsaf. Ya ce ta sake faɗa. Ta sake, har da girman ramin da gugar ta yi da yadda warin ya cika ɗaki, shi kuwa ya jingina da bango yana murmushi, yana saurare.