Gorar Tankari Ba Ta Kai Ƙasa Ba

Ina cikin tankaɗen garin tuwo wayata ta yi ƙara, sha ɗaya ta ɗan gota. Tankari ne, maigidana. Ko sallamar kirki bai yi ba ya ce, "Fasuma, kada ki tada hankalinki, injin ne ya mutu."

Ku ji mutum don Allah! Shi kaɗai a tsakiyar ruwa, wai kada in tada hankalina.

Tankari ɗan masunta ne daga Gaya ta Nijar, can bakin kogin Kwara. Shekararmu huɗu a Guangzhou yana sayen injinan kwale-kwale yana yi wa mutanensu lodi daga tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Yana da wata ɗabi'a da na gaji da magana a kanta: ba ya tura inji sai ya ɗaura shi a jirgi ya gwada da hannunsa, wai ba zai sayar wa ɗan'uwansa abin da zai mutu masa a ruwa ba. Da can a wani tafki bayan masana'anta yake gwajin. Wannan karon lawban, wato mai kamfanin injinan, ya ara masa ƙaramin jirgi a babban kogi, can ƙasan Huangpu, ya ce a haɗa shi da matuƙi. Gogan naku ya ce shi cikin jirgi aka haife shi, ba ya neman rakiya.

Na ce, "To Alhaji, ka jefa anka mana, jirgin ya tsaya."

Ya ce, "Na cire shi, nauyi gare shi. Gora na ɗauko."

Gora! A garinsu idan inji ya mutu sai ka tokari ƙasa da gora ka kai kanka gaɓa. Ya ce ya zura ta har hammatarsa ta jiƙe, bai taɓo komai ba. Kuma ruwan yana jansa ƙasa da ƙarfi, ga hazo, ga manyan jiragen kwantena suna wucewa ba wanda ya ko lura da shi.

"Turo min inda kake ta waya."

"Babbar wayar tana nan kan tebur. Na ji tsoron ta faɗa ruwa, ƙaramar na ɗauko."

Na waiga. Ga ta nan kuwa kusa da filas ɗin shayi, a kulle, ba ta buɗewa sai ta ga fuskarsa. Wallahi kamar in maka ta da bango.

Can sai ita wayar ta hau ruri, lawban ne. Na ɗauka, ya yi ta zuba Sinanci da ƙarfi. Ni kuwa shekara huɗu ban iya komai ba sai gaisuwa da godiya da "meyo", wato babu. Ita na yi ta maimaita masa ina kuka, har ya gaji ya kashe.

Na kira maƙwabciyata Sadiatu, 'yar zangon Kumasi, ita ce ta iya yarensu. Tana kasuwar Baima wajen sarin kaya. Kafin ta iso an yi azahar, ni kuwa na zagaye falon nan ya fi a ƙirga. Na yi alwala, na tayar da salla, na rasa raka'a nawa na yi. Da ta shigo ta kira lawban, ta kira 'yan sandan ruwa, tana magana tana dubana.

"Yaya Sadiatu, me suka ce?"

"Sun fita nema. Sun ce ruwan nan ba irin namu ba ne, yana hawa yana janyewa zuwa teku, yanzu kuma janyewa yake. Suna so ya faɗi abin da yake gani."

Na kira shi. Ya ce yana ganin ƙarafan ɗaga kwantena daga nesa, jajaye. Sadiatu ta faɗa musu, sai ta sunkuyar da kai. Wai bakin ruwan duk irinsu ne, tun daga nan har teku.

Daga nan ba abin da ya rage sai zama. Garin tuwon yana nan cikin rariya. Na ce zan hau tasi in tafi bakin kogin, Sadiatu ta ce, "Ki je ina? Ki tsaya a wane gefe?" Na koma na zauna. Ban taɓa jin ni ba komai ba ce irin ranar.

Bayan la'asar ya sake kira. Muryarsa ta sauya, duk taurin kan nan ya fita daga cikinta.

"Na daina jan igiyar injin, hannuna ya kumbura. Fasuma, ƙishirwa ta sa na kamfaci ruwan na kai baki. Gishiri ne."

Gishiri! Wato ruwa ya kai shi bakin teku ke nan.

"Cajin wayar ya kusa ƙarewa. Ki saurare ni. Duk abin da na taɓa yi miki, ki yafe min."

Na san irin wannan maganar, na san lokacin da ake yinta. Raina ya ɓaci, na miƙe tsaye na ɗaga murya. "Ban yafe ba! Wallahi ban yafe ba, Alhaji, sai ka dawo gidan nan ka roƙe ni ido da ido! Kana ji na?"

Ban ji amsa ba. Na duba wayar, kiran ya yanke, ban kuma san a wace kalma ya yanke ba.

Na sake kira, wata mata ta yi min bayani da Sinanci. Sadiatu ta ce a hankali, "Wai a kashe take." Na kira na biyu, na uku, ita dai matar. A na huɗu ban jira ta gama ba, na durƙusa a tsakar falo na riƙe wayar da hannu biyu.

"Na yafe, Alhaji. Na yafe maka duniya da lahira. Don Allah ka ji."