Maratayin Bindigar Dattijo Liang

A shekarar 1998 Barmo, ɗan kasuwa daga Maraɗi, ya je Shiling, wani gari a ƙasar waje, sarin jakunkunan fata. Ruwan sama ya tsare shi a masana'antar wani dattijo mai suna Liang, suka zauna shan shayi da Huzaifa, tafintan Barmo.

A bango akwai wani tsohon maratayi na fata, gumi ya mai da shi baƙi.

"Laoban, wannan na wace jaka ne?" in ji Barmo, yana kiransa maigida da yarensu.

Dattijon ya yi murmushi ya fara bayani, Huzaifa yana fassarawa. Ashe na bindiga ne, Mosin, ƙirar Rasha tun zamanin sarakunansu, irin wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi. Ta sha yawo a hannun sojojin Rasha kafin ta iso gare shi a yaƙin Koriya. Wani daga cikinsu ya sassaƙa sunan wata mace a katakon gindin bindigar.

"Bindigar na mayar wa hukuma," in ji Liang. "Sunan kuwa an taɓa karanta mini, na manta, amma hannuna bai manta ba."

Ya tsoma yatsa a shayi ya zana haruffan a kan tebur.

Barmo ya ƙura musu ido. Ƙarar kekunan ɗinki ta yi masa nisa. Sai a zuci ya ga fili fari fat, ga wata mace a ƙofar gidan katako tana duban hanya. Bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma sai da sanyi ya ratsa shi.

"Sojan ya koma mata kuwa?" ya tambaya a hankali.

Liang ya ce shi ma bai sani ba, ya ƙara masa shayi.