Ƙulli Bakwai a Kan Halfa

Fari ne ya kore mu daga garinmu Almeriya na ƙasar Sifaniya, muka ƙetaro teku zuwa tudun Saida a ƙasar Larabawa, muna tuga wa wani kamfanin Faransawa halfa, ciyawar da ake yin takarda da igiya da ita. Sana'ar iyayenmu ce: ka naɗe ciyawar a guntun sanda, ka fizga, ka jefa cikin dami. Mu goma sha tara ne a zangonmu, har da matata Encarna da yayanta Melchor, wanda ya zama shugabanmu don ya fi kowa jin Larabci, ya kuma fi kowa murya.

Tun shigowar bazara ake cewa mahayan da suka yi wa Faransa tawaye sun ƙone zangunan 'yan Sifaniya a kudu. Ba mu ci ƙasar kowa ba, amma daga kan doki hularmu da ta Bafaranshe ɗaya ce.

Wata safiya muka tarar an ƙulle kan halfa a wuri bakwai kewaye da bukkokinmu. Encarna ta ce ta ga Lakhdar yana yi, mutumin da ke kawo mana ruwa a raƙumi. Da ya zo, bai musa ba. Ya ce a wurin danginsa ƙullin na nufin ya ci gurasa da gishiri da masu wannan zango, duk mahayin da ya gani zai wuce.

"To, maƙwabci, wa ya gaya maka ta nan za su biyo?" in ji Melchor.

Lakhdar ya ce ko raƙuminsa ya san wannan. Melchor ya tambaye shi me ya hana ya ƙulla wa 'yan Murcia, 'yan ƙasarmu da ke zango a bayan tudu. Ya ce bai taɓa cin gurasarsu ba, ya ja raƙuminsa ya tafi.

A garinmu kuwa, in matugi ya ƙulle kan halfa, cewa yake nan nawa ne, zan dawo in tuge. Kowane ɗayanmu da wannan ya tashi. Melchor ya ce ai magana ta fito fili, mu ne aka ware za a dawo a tuge. Encarna ta ce shekara biyu mutumin nan bai taɓa kawo mana ruwan zartsi ba. Ni ma na san haka. Amma na san ya kwashe iyalinsa zuwa arewa tun makon jiya bai gaya wa kowa ba, kuma na ga yadda idonsa ya bi bukkokinmu ɗaya bayan ɗaya.

Suna cikin gardama na ɗauki sandata na zagaya, na tuge duka bakwai. Matugi ba ya yar da ciyawa, don haka ko tunani ban yi ba na jefa su cikin damina.

Washegari da la'asar muka hangi hayaƙi daga zangon 'yan Murcia. Kafin mu yi shawarar gudu, mahaya kamar talatin sun kewaye mu. Wani dattijo a cikinsu ya zagaya bukkokin a hankali yana duban ƙasa. Da ya iso kan damina sai ya sa bakin mashi ya ɗago ƙullin, ya juya shi, ya tambayi wa ya tuge.

Larabcina ya isa in gane tambayar. Na tsaya a inda nake. Melchor ya dube ni sau ɗaya, sannan ya matsa gaba.

"Ni ne. Ciyawa ce, ita muka zo tuga."

Shi suka fara kashewa, sannan maza shida da ke tsaye kusa da shi. Sauranmu kuwa, mahayan suka kora mu da ƙafa ta hanyar Saida, ban san dalili ba.

Na shekara talatin ina juya abin. In amana ce Lakhdar ya ɗaura mana, to hannuna ne ya kwance ta. In alamar yanka ce, wataƙila ɓata musu ita ne ya sa goma sha biyu suka tsira, ko kuma shi ya fusata su. Lakhdar kaɗai zai raba wannan gardama, kuma ban sake ganinsa ba.

Encarna ba ta yi mini magana ba har muka shiga jirgin ruwan da ke mayar da waɗanda suka tsira gida daga tashar Oran. Da gaɓar Almeriya ta bayyana, ta gyara mayafinta ba tare da ta dube ni ba.

"Ginés, in innata ta tambaya, Melchor ne ya tuge. Haka ya faɗa da bakinsa."