Kyaftin Zakiyyu a Kujerar Dama

Labarin ya riga Kyaftin Zakiyyu isa Rano. Kafin ya ajiye jakarsa mutane sun fara sallama a ƙofar gida, sun zo yi masa jaje, wai kamfanin jiragen saman da yake wa aiki ya kore shi. Ya tari kowa da fara'a, ya sa aka kawo fura, ya ce musu aikinsa na nan, jirginsa ne aka yi wa ritaya.

Kamfanin ya sayar da tsofaffin jiragensa masu shan mai ya kawo sababbi, lasisin Zakiyyu kuwa na tsofaffin ne. Aka ba manyan matuƙa zaɓi: ko su karɓi kuɗin sallama, ko su koma kwas. Wanda ya ci zai fara daga kujerar dama, ta mataimaki, da albashin mataimaki, sai ya goge a sabon jirgin sannan a duba maganar mayar da shi kyaftin. Yawancin sa'o'insa suka karɓi sallama, wasu suka nufi ƙasashen Larabawa jigilar kaya. Shi ya zaɓi kwas.

Matarsa Barakatu ba ta so ba. Ta ce mutumin da furfura ta cika wa gemu bai kamata ya koma ɗan aji ba, ga ginin benen da suka fara bai kai rufi ba, ga 'yan uwa da ke dogara da shi. Ya saurare ta har ta gama. Ya ce ginin zai jira, umarar bana ma haka, amma karatun yaran dangi ba zai taɓa shi ba. Jigilar kaya kuma da irin tsofaffin jiragen nan ake yinta, nan gaba kaɗan su ma za a ajiye su, ya dawo inda yake yau da ƙarin shekaru a kansa.

Washegari ya tafi Tarai, can ƙasar Kibiya, wurin yayansa Malam Ramalan mai karantar da littattafai. Ya same shi a gona ana yankan dawa. Malam bai damu da zancen albashi ba, tambayarsa ɗaya ce, wa zai zauna a kujerar kyaftin. Zakiyyu ya ce mai yiwuwa Adawiyya ce, wata matashiya da shi ya horar da ita lokacin da ta shigo kamfanin, ita kuma ta riga shi sanin sabon jirgin.

"Za ka iya karɓar umarni daga bakin ɗalibarka?" in ji Malam.

"Yaya, ni na koya mata yadda ake ba da shi."

Malam ya yi masa addu'a, ya koma kan dawarsa.

Kwas ɗin bai zo da sauƙi ba. A gwajin farko, cikin na'urar da ke kwaikwayon jirgi, aka kashe masa inji ɗaya, hannunsa ya tafi neman maɓallin da babu shi a sabon jirgin. Ya faɗi. Da kansa ya kira Barakatu ya gaya mata, ya ce hannun ne bai manta tsohon aiki ba, zai koya masa. Ta ce ya riƙa cin abinci. A karo na biyu ya ci gwajin.

Tashinsa na farko daga Kano zuwa Legas ne, kuma da Adawiyyar aka haɗa su. Tun a ƙasa ya lura komai za ta yi sai ta waiwayo ta nemi ra'ayinsa. Ya bari suka rufe ƙofa, sannan ya ce, "Kyaftin, jirginki ne. Ki faɗa in yi."

Kusa da Legas suka tarar da hadari ya haɗu a kan filin. A ganinsa akwai hanyar sauka, ya kuma faɗa mata haka. Ta dubi na'urar yanayi, ta ce a'a, za su kewaya su jira. Ya amsa, ya kira masu kula da sararin sama ya sanar da su. Suka yi ta kewayawa har ruwan ya tsagaita, ta sauke jirgin lafiya.

Da fasinjoji suka fita ta ce masa, cikin jin nauyi, ko ta ɓata musu lokaci. Ya ce lokaci da man jirgi duk na kamfani ne, hukuncin kuma nata ne, ta yanke shi da kyau. Ya ɗauki hularsa ya sauka duba tayoyi, aikin mataimaki, don suna da komawa Kano kafin la'asar.